Kafin a Hau, a Duba Masauka: Yadda Maharban Tambuwal da Kebbe Ke Zaɓen Itacen Kwanto

Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma duk wanda ya taɓa ganin farautar gayya da rani, da karnukanta da gorori da kiɗa da ƙura, zai yarda da maganar. Sai dai akwai wata farautar da ake yi daga zaune, babu kare babu kiɗa. Maharbi ɗaya ne, ko mahalbi kamar yadda Sakkwatawa ke faɗa, zai bar gida bayan la'asar, ya isa bakin wata mashaya ko gindin itacen da 'ya'yansa ke zuba, ya hau sama, ya yi shiru har dabba ta kawo kanta. Wannan shi ne kwanto. Rabin aikinsa da rana tsaka ake gama shi, kwanaki kafin harbi, sa'ad da maharbi ke zagaya daji yana neman itacen da zai hau.

Tambuwal da Kebbe ƙananan hukumomi ne biyu a kudancin Jihar Sakkwato. Tambuwal tana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, kusan kilomita 100 daga birnin, kuma a ƙarni na 19 ribaɗi ce da Buhari ɗan Shehu ya zauna. Kebbe tana kudu da ita, tana iyaka da jihohin Zamfara da Kebbi, Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasarta a hanyarsa daga Gummi zuwa Jega. Damina a nan ta fi ta arewacin jihar albarka, don haka itatuwa sun fi girma, sun fi kauri. Sunan garin Dogon Daji kaɗai ya isa ya tuna wa mutum yadda ƙasar take a da. Ɓauna da gwanki sun koma labarin dattawa. Abin da maharbin yau ke sa ran gani shi ne gada, zomo, zabin daji, gafiya, beguwa, sai mugun dawa da birai masu ɓarnar gona.

Kujerar da ke hawa itace da kanta

A Amurka ma ana kwanto a kan itace, galibi don wata barewa mai farar wutsiya, har abin ya zama babban ciniki. Ɗaya daga cikin kayan da ake sayarwa ita ce kujerar hawa itace, wadda kamfanoni irin su Summit ke ƙerawa da alminiyom. Gida biyu gare ta: na sama wurin zama, na ƙasa wurin ajiye ƙafa. Kowanne yana da igiyar ƙarfe da ke zagaye gangar itace ta baya, da haƙora masu cizon ɓawo ta gaba. Maharbi zai ɗaga na sama ya jingina nauyinsa a kai, ya jawo na ƙasa da ƙafafunsa, ya taka shi ya cije, ya sake ɗaga na sama. Haka zai yi ta yi, taki-taki kamar tsutsa, har ya kai mita 5 ko 6. Nauyin kujerar yakan kai kilo 10 ko kusa da haka, ana goya ta a baya. Mai saye a can yana duba nauyin da za ta iya ɗauka, da kaurin gangar da igiyarta za ta iya zagayewa, da ko tana ƙara idan an motsa, da ko mutum zai iya awa huɗu a kanta ba tare da ƙafa ta mutu ba.

Wani injiniya ɗan asalin ƙasar Kebbe, mai aiki a Abuja, ya ga wannan kujera a YouTube, ya ƙudura zai sayo wa kawunsa, tsohon maharbi wanda gwiwa ta fara yi wa gardama. Da ya je gida hutun Sallah sai ya nuna masa hoton bidiyon a waya. Tsohon ya kalla har sau biyu bai ce komai ba, sannan ya tambaya:

"In ta iske reshe a hanya fa?"

"Ba ta wucewa, Kawu. Sai dai a sare reshen, ko a nemi itacen da ba shi da reshe a ƙasa."

Tsohon ya miƙa masa wayarsa ya ce, "To ai ɗana, wanga ƙarfe icce miƙaƙƙe shika so. A dajinmu miƙaƙƙe guda na sani, giginya, kuma ban taɓa jin wanda ya yi kwanto bisa giginya ba."

Amsar ta taɓo ainihin bambancin. An ƙera kujerar ne domin dazukan da itatuwansu ke tafiya sama sak, babu reshe sai can ƙololuwa. Itatuwan ƙasar Hausa kuwa gajerun ganga ne, suna rabuwa tun daga mita 2 ko 3, suna buɗe rassa kamar laima. Kuka ta fi ƙarfin kowace igiya ta zagaye ta. Gawo da aduwa ƙaya gare su. Giginya miƙaƙƙiya ce, amma tana da kumburi a tsakiyar gangarta, ba ta da ganyen da zai rufe mutum, ga manyan 'ya'ya masu nauyi da ke faɗowa daga sama. Wanda ya sayi kujerar sai ya bi daji yana neman itacen da ya dace da ita. Maharbin Kebbe ya fara ne daga sawun dabba, ya bi shi zuwa wurin da ya dace, sannan ya duba wane itace Allah ya tsirar a wurin.

Abin da yake ɗorawa a kan itacen kuwa kowane manomi ya san shi. Rudu ne, irin wanda ake kafawa a gona domin yara su kori tsuntsaye daga gero, ko a tsakar gida domin a kwana nesa da sauro. Sanduna uku ko huɗu ake gittawa tsakanin rassa biyu, a ɗaure da igiyar rama ko ta kaba, a shimfiɗa ciyawa. Wani lokaci ma ba a bukatar komai, idan itacen yana da marabar rassa mai faɗi da za ta karɓi mazaunin mutum. Mutanen Indiya suna da irinsa, suna ce masa macan, kuma a kan irinsa ne Jim Corbett ya sha kwana yana jiran damisoshi masu cin mutane a yankin Kumaon. A Jamus kuwa ɗan ɗakin katako ake ginawa a kan dogayen ƙafafu a bakin gona. Dalilin hawa sama ɗaya ne a ko'ina: dabbar da ke kiwo a ƙasa ta saba neman haɗari a tsayin idonta, warin mutum yakan bi iska ya wuce ta samanta, kuma harsashin da aka harbo daga sama ƙasa yake nufa.

Iska da ruwa kafin itace

Maharbi ba ya fara kallon itace sai ya gama karanta ƙasa. Yana duba sawu a taɓon bakin mashaya, ya rarrabe na jiya da na makon jiya, ya ga ta ina dabba ke shigowa, ta ina take fita. Gada tana da hanyarta da ba ta cika sauyawa ba, tana da wurin da take kashi. Mugun dawa yakan bar shaidar birgima a taɓo da tonon da ya yi da hancinsa. Sai an san hanya sannan ake maganar wurin zama.

Daga nan sai iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina kuwa daga kudu maso yamma. Ma'anar wannan ita ce itacen da ya yi daidai da hunturu yakan zama mafi muni idan damina ta kama, domin zai kai wa dabba warin mutum har hancinta. Dole maharbi ya zauna a gefen da iska ke isa bayan ta wuce hanyar dabba. Yana gwada ta da ɗan toka ko garin ƙasa da zai saki daga yatsunsa. Akwai kuma wata ƙaramar iska da sabon shiga ba ya lura da ita. Idan rana ta faɗi, ƙasa ta huce, iska mai sanyi takan gangara daga tudu zuwa kwari, wato zuwa wurin ruwa. Wanda ya zauna a kan tudu daidai saman mashaya, da magariba warinsa zai silalo ƙasa ya riga dabba isa bakin ruwa. Shi ya sa gogaggen maharbi yakan fi son itacen da ke gefen hanyar shigowa, ɗan nesa da ruwan.

Haske ma yana da nasa hukunci. Da yamma ana son rana ta kasance a bayan maharbi, ta haska abin da yake kallo. A daren farin wata ana son ganye a bayansa, domin mutumin da ke kan reshe tsirara, sararin sama na bayansa, baƙin dunƙule ne da kowace dabba za ta gane.

Halin itatuwa

Sai yanzu ake zuwa ga itacen kansa, kuma a nan ne ilimin ya fi zurfi, domin kowane itace da halinsa.

Tsamiya tana cikin waɗanda aka fi yarda da su. Rassanta suna da tauri, sukan lanƙwashe kafin su karye, ganyenta yana da duhu kusan duk shekara. Sai dai sau da yawa a kan suri take fitowa, kuma tsohon suri gidan maciji ne. Ga kuma tsohon zancen cewa tsamiya da kuka mazaunin iskoki ne, wanda har yau yana hana wasu kwana a kansu. Kanya ma haka take: tana riƙe ganye da rani, tana son bakin rafi, 'ya'yanta suna jawo birai da tsuntsaye, abin da suka zubar kuma ya jawo gada. Ƙirya da marke suna da ƙarfin da babu shakka a kansa, amma ɓawon marke yana da santsi, yana saɓulewa, ƙafa ba ta samun riƙo sosai.

Baure yana ruɗin mutum. Idan ya nuna, babu itacen da ya kai shi tara dabbobi, amma itacensa ba shi da ƙarfi, kuma zaƙin 'ya'yansa yana tara tururuwa da rina. Mai hankali yakan bar baure ya zama abin kallo, ya hau wani itacen da ke fuskantarsa. Gawo yana da wata baiwa da ta saɓa wa sauran: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, 'ya'yansa kuma abinci ne ga dabbar gida da ta daji a lokacin da ciyawa ta ƙare. Ƙayarsa ce matsala, da kuma cewa makiyaya sun riga maharbi sanin amfaninsa, don haka abin da zai zo gindinsa da dare zai iya zama akuyar wani. Kuka kuwa da rani ba ta da ganye ko ɗaya, jikinta sulɓi ne, sai an kafa turaku ake hawa, kuma tsohon turke a jikin kuka ba abin amincewa ba ne, domin naman itacen laushi gare shi. Kogonta kuma sau da yawa gidan ƙudan zuma ne. Ɗorawa da kaɗanya galibi a gonaki suke, suna da masu su, ba a kafa musu rudu sai da izini.

Bayan an zaɓi iri, sai a duba lafiyar wannan itacen shi kaɗai. Ana buga gangarsa da ƙotar gatari a saurara: amon da ya yi kamar ganga alamar rami ne a ciki. Ana duba hanyar gara a jikin ɓawo, da baƙin tabon gobarar daji a gindi, domin wutar da ake sakawa kowace shekara tana cin itace ta ƙasa alhali samansa na nan kore. Ana ɗaga kai a nemi busasshen reshe da zai iya faɗowa. Ana tsayawa shiru na ɗan lokaci a ji ko akwai gunjin zuma. Duk wannan da rana ake yin sa, domin abin da ido bai gani ba da azahar, hannu ne zai gamu da shi cikin duhu.

Tsayi ma sai an auna. Sabon maharbi yana ɗauka cewa ƙarin tsayi ƙarin tsaro ne. Amma kibiya da bindigar toka ba su da dogon zango, kuma idan mutum ya yi sama da yawa, abin da zai gani daga dabbar da ke kusa shi ne gadon bayanta, wurin da ya kamata a sama ya ƙanƙance. Ita bindigar toka ta baki ake ɗura ta, harbi ɗaya gare ta, idan ba a danna ɗurin da kyau ba harsashi zai iya zamewa sa'ad da aka sunkuyar da bakinta ƙasa, kuma tana da naushi a kafaɗa. Wanda ya harba ta daga reshe ba tare da ganga a bayansa ba, ya ba ta damar ture shi. Saboda haka tsayin mutum biyu ko uku yakan wadatar, muddin akwai majingina da ganye.

Masauka

Tsofaffin maharba suna da tambayar da suke yi wa kowane itace kafin su amince da shi: ta ina za a sauko? Hawa ana yin sa da sauran haske, jiki da ƙarfinsa. Saukowa kuwa cikin duhu ne, bayan awa huɗu ko biyar na zama wuri ɗaya, sanyin hunturu ya shiga gaɓoɓi, ƙafa ta yi nauyi, barci ya fara fizga, ko kuma zuciya na bugawa saboda an yi harbi ana ɗokin zuwa a gani. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma lissafin faɗuwar ba shi da wuya: daga mita 5, daƙiƙa ɗaya ce tsakanin reshe da ƙasa, mutum zai iso da gudun kusan kilomita 36 a awa. Karayar ƙafa ko hannu ana kai ta wurin maɗori. Karayar ƙashin baya ko ta wuya kuwa, daga dajin Kebbe zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato tafiya ce mai nisa, kuma farkonta a bayan babur ake yi, idan ma an sami wanda ya san inda mutum yake.

A nan ne Amurkawa suke da abin da ya cancanci a ara. A wurinsu faɗowa daga itace yana cikin manyan abubuwan da ke raunata mafarautan barewa, kuma an lura cewa yawancinsa lokacin hawa ko saukowa yake faruwa. Don haka suka matsa a kan wasu ƙa'idoji. Mutum ya sa ɗamarar tsaro mai kama kafaɗu da cinyoyi, ya ɗaure ta a jikin ganga tun daga ƙasa har ya dawo ƙasa. Kada ya hau da makami a hannu, sai ya zauna sannan ya jawo shi da igiya. Kada ya saki hannu ko ƙafa sai sauran ukun suna riƙe. Ya kuma gaya wa wani a gida wurin da zai zauna da lokacin da zai dawo. Igiyar da aka ɗaura a ƙugu kawai tana da nata haɗarin, domin idan mutum ya faɗo ya rataya a kanta za ta iya matse masa numfashi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar itace miƙaƙƙe. Abin da injiniyan nan ya kawo wa kawunsa daga baya ke nan: ɗamara irin ta masu aikin turakun lantarki, da doguwar igiya, da fitila mai kyau domin duba gindin itace kafin a sa ƙafa, tunda kasa da kububuwa da dare suke fita, kuma kasa ba ta gudu idan ta ji tafiya.

Saukowa da wuri yana da alaƙa da halaccin naman ma. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran fiƙihun Malikiyya ke karantawa a ƙasar nan, hukuncin shi ne idan maharbi ya iske dabba da sauran rai sai ya yanka ta, idan kuma ta ɓace masa har ta kwana, cin ta ya shiga matsala. Littafin ya kuma karhanta farautar da aka yi domin wasa kawai. Wanda ya zaɓi itacen da ba zai iya sauka daga kansa cikin hanzari da aminci ba, yana iya rasa naman, ya kuma bar dabba tana wahala a banza.

Abin da ya sauya

Mashayar da maharbi ke kallo daga sama ba tasa ba ce shi kaɗai. Da rani, idan ruwa ya janye ya bar 'yan tafkuna a gadon gulbi, shanun makiyaya da masu ɗiban ruwa da masunta duk nan suke zuwa. Ƙa'idar farko ta kwanto ita ce ba a harbin motsi ko ƙara, sai abin da ido ya tabbatar. Kuma tunda ƙishirwa ce ke tilasta wa dabba zuwa, mai kwanto yana iya ƙarar da abin da ke wani yanki cikin rani biyu idan bai kame hannunsa daga mace mai ciki da mai shayarwa ba. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa sun hana taɓa wasu nau'o'i, bindigar toka ma doka ta ce sai da lasisi.

Rashin tsaro ya ƙara wani nauyi. A shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi dazukan Zamfara da Sakkwato da Kebbi, mutum ɗaya da bindiga a kan itace da dare yana cikin haɗari ta fuska biyu: ɓarayin daji za su ɗauke shi ɗan leƙen asiri, jami'an tsaro ko 'yan sa-kai za su iya ɗaukarsa ɓarawo. Da yawa sun daina kwana a daji, wasu sun koma gadin garuruwansu. Wanda ya ci gaba, sanar da mai gari da shugaban maharba ya zama wajibi a kansa kamar gwada iska.

Su kansu itatuwan suna tafiya. Ƙirya da marke, waɗanda suka fi ɗaukar nauyin mutum, su ne suka fi yin gawayi mai kyau, kuma buhunan da ake jerawa a bakin titi zuwa birane daga jikinsu suke fitowa. Itacen da ya ɗauki shekaru masu yawa kafin reshensa ya isa a zauna a kai, injin yanka yana kayar da shi kafin a gama shan fura. Maharbin da ya san itatuwan kwanto goma tsakanin garinsa da gulbi, ya san wanne ne na hunturu wanne ne na damina, yana iya komawa bana ya tarar da kututture a wurin rabinsu. Ɗansa kuwa ba zai koyi buga ganga da ƙotar gatari ya saurari amonta ba, sai idan an bar masa itacen da zai buga.